Kuɗin jami'ar yaro: naira ba ta jiran shekara 12

Akwai wani maƙwabcina tela a Unguwar Rogo, a nan Jos, wanda ya yi abin da yawancinmu ba mu iya yi ba. A shekarar 2012, watan da babban ɗansa ya shiga aji ɗaya na firamare, ya buɗe asusu a banki ya riƙa zuba naira 3,000 duk ƙarshen wata. Ko a watan da ɗinki ya yi ƙasa, bayan Babbar Sallah, sai ya matse cefane ya cika. Shekara 12 cur yana haka. Da yaron ya samu gurbi a wata jami'ar tarayya da ke wata jiha a 2024, abin da ya zuba ya kai naira 432,000. A lissafinsa na farko wannan kuɗi zai ɗauki yaron shekara huɗu, har a samu rara. Aka biya rajista, aka kama ɗaki, aka sayi katifa da tukunyar gas da kwamfuta 'yar hannu ta gwanjo, aka yi kuɗin mota da na abinci. Zango na biyu bai kai ƙarshe ba asusun ya bushe.

Ya same ni da littafin da yake rubuta ajiyar a ciki, irin littafin awon kaya mai baƙin bango, ya buɗe min shafi-shafi. "Malam, duba ka gani, ko kwabo ban taɓa ba. To ina kuɗin suka tafi?"

Ba wanda ya taɓa masa kuɗi. Adadin yana nan yadda ya zuba shi, ƙarfinsa ne ya zurare. Lokacin da ya fara, dala ɗaya ba ta wuce naira 160 ba, ke nan dubu ukunsa na wata ta kusa dala 19. A 2024 dala ta haura naira 1,500, dubu ukun nan ba ta cika dala biyu ba. Wanda ya ce shi ba ruwansa da dala, ya tuna kwamfutar da aka saya wa yaron, da man da motar haya ta sha, da takardar da ake buga darasi a kai, duk farashinsu dala yake bi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ba sai an kai nan ba ma. Idan farashi yana tashi da kashi 15 kacal a shekara, cikin shekara biyar kaya sun ninka kuɗinsu. A shekara 18, wato daga goyo zuwa ƙofar jami'a, sun ninka sau goma sha biyu. Ajiyar banki ta yau da kullum kuwa, ko ga wanda yake karɓar kuɗin ruwan da ake ɗorawa, bai kai kashi 10 ba a shekarar da farashi ya tashi da sama da kashi 30. Shi maƙwabcina ma ba ya karɓa, saboda addini.

Abin mamaki shi ne iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan, ba tare da sun taɓa jin kalmar hauhawar farashi ba. Uwa ba ta tara wa 'yarta kuɗin kayan ɗaki a asusu. Tun yarinya tana rarrafe take sayen tukunya yau, kwanon sha gobe, turmin atamfa baɗi, tana turawa ƙarƙashin gado. Kaya take tarawa, domin ta san tukunyar da ta saya bana ba za ta samu a wannan kuɗin ba ranar biki. Matsalar karatu ita ce ba a sayensa a tura ƙarƙashin gado. Babu jami'ar gwamnatin da za ka je ka biya wa ɗan shekara biyar rajistar 2038 da farashin yau. Dole sai an nemi wani abu da zai riƙe darajar guminka har ranar, sannan ya koma kuɗi a hannu cikin 'yan makonnin da makaranta ta bayar kafin ta rufe shafin rajista. Waɗannan buƙatu biyu kuwa ba kasafai suke haɗuwa a abu ɗaya ba. Abin da ke riƙe daraja, kamar fili, ba ya sayuwa da gaggawa. Abin da ke fita da gaggawa, wato tsabar kuɗi, ba ya riƙe daraja.

Kafin a kai ga inda za a ajiye, sai an san me ake tara wa. Yawancin iyaye idan aka ce kuɗin jami'a, hankalinsu yana tafiya ga kuɗin rajista, kuma ba laifinsu ba ne, tunda shi ne ya fi tayar da ƙura. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗi kusan lokaci guda. A Jami'ar Jos sanarwar farko ta ɗaga shi daga wajen naira 45,000 zuwa sama da 200,000, aka yi ta kai ruwa rana da ɗalibai kafin a sassauta. Amma a zauna a yi lissafin ciki. Ɗalibin da ke cin abincin naira 2,000 a rana, wanda ba wani cin daɗi ba ne, yana buƙatar 60,000 a wata, wato 480,000 a wata takwas na karatu. Ga ɗaki, domin ɗakunan kwanan makaranta ba sa isar ɗalibai, mai gida a waje kuma kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule. Ga kuɗin abin hawa, da data, da buga takardu, da magani, da aikin bincike na shekarar ƙarshe. Rajista sau ɗaya ake biyanta a shekara, ciki kuwa kullum ne. A gidaje da yawa ba rajista ce ke mayar da yaro gida ba, guzuri ne ke yankewa a tsakiyar zango.

Sannan shekara huɗun nan a takarda take. Injiniya da lauya shekara biyar ne, lauya kuma yana da makarantar horon lauyoyi a gaba, likita shida. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da duka biyun suka rutsa da shi ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi, kuma kuɗin hayar ɗakinsa bai tafi yajin aiki ba. Mai tanadi ya ƙara shekara guda a kan duk abin da aka faɗa masa.

A nan mu mutanen Jos muna da wata dama da ba kowane gari ke da ita ba, kuma ina ganin ba ma ba ta muhimmancin da ya kamata. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin gari. Yaron Unguwar Rogo ko Unguwar Rimi da ƙafa zai iya shiga harabar da ke titin Bauchi, ta Naraguta kuma keke-napep ne ɗaya ko biyu. Wanda ya kwana a gida ya ci tuwon gida ya zubar da mafi nauyin kayan da na lissafa. Saboda haka zaɓin da yaro zai cike a fom ɗin JAMB magana ce ta kuɗi, ba ta sha'awa kaɗai ba, kuma ya kamata uba ya zauna a yi ta tare da shi tun yana aji biyar na sakandare. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Gurbi a jami'ar tarayya ana raba shi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi, kuma kaso biyu na ƙarshe jiha ake dubawa. Duk Bahaushen Jos ya san daɗaɗɗiyar taƙaddamar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ya san kuma tana shafar gurbi da tallafin karatu na jiha. Shi ya sa 'ya'yanmu da yawa suke ƙarewa a Bauchi, Zariya, Kano ko Keffi. Don haka a yi fatan gida, amma a yi tanadin waje. Ga kuma Barikin Ladi da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga Vom da kwalejin kiwon lafiyar dabbobi, ga Pankshin da Gindiri ga mai son koyarwa. Ba dole ne kowane yaro sai ya bi ta ƙofa ɗaya ba.

To ina za a ajiye? Ra'ayina shi ne shekarun yaro ne ya kamata su zaɓa, ba abin da ake yayi ba.

Idan yaro bai wuce firamare ba, akwai shekara shida zuwa goma sha biyu a gaba, kuma a wannan tazarar tsabar kuɗi ita ce mafi hatsari. Nan ne wurin fili da zinare da kiwo. Fili ya fitar da gidaje da yawa kunya, amma a Jos yana da nasa sharaɗin da mutumin Kano bai sani ba. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da na 2010, gari ya rabu, kuma darajar fili ta koma tana bin wanda zai iya zama a wurin, ba girmansa ba. Akwai waɗanda suka sayar da gida a wulaƙance saboda ba za su iya komawa unguwar ba. Wanda ya ga Babbar Kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 ya san dukiyar da aka tara a wuri ɗaya dare ɗaya ya ishe ta. Zinare ya fi fili sauƙin ɗauka da sauƙin sayarwa, yana kuma bin dala, kuma mace za ta iya tara shi giram-giram daga kuɗin adashe. Asararsa tana wajen kuɗin ƙira, wanda ba a mayar maka ranar sayarwa, shi ya sa mai tanadi ya fi dacewa da zobe ko awarwaro maras ado a kan sarƙa mai kwalliya. Sannan ɓarawo ma ya san darajarsa. Kiwo kuwa aiki ne, ba ajiya ba: tunkiya tana ci, tana ciwo, tana mutuwa, ribarta tana hannun mai kula da ita. Sayen masara da kaka a ajiye zuwa bazara ya yi wa mutane rana shekaru da dama, har aka fara ɗaukarsa kamar ba ya faɗuwa. A 2025 farashin hatsi ya karye, waɗanda suka cika ɗaki da buhuna suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Akwai kuma hanyoyin takarda, waɗanda mutanenmu ba su cika kusanta ba, wani don rashin sani, wani don tsoron riba. Ofishin kula da basussuka na tarayya, DMO, yana sayar da takardar ajiya ta gwamnati tun 2017, ana shiga da naira 5,000, wa'adinta shekara biyu ko uku, amma kuɗin ruwa take biya, don haka Musulmi da yawa ba su shiga. Saboda irinsu aka kawo Sukuk. Tsarinsa haya ne: gwamnati ta karɓi kuɗin jama'a ta gina hanya, masu kuɗin su zama masu rabo a kadarar, a riƙa biyansu kuɗin haya sau biyu a shekara, ranar wa'adi a mayar musu da uwar kuɗi. Ana shiga da naira 10,000. Na farko ya fito a Satumba 2017, na naira biliyan 100, shekara bakwai, hayarsa kashi 16.47 a shekara. Mu gwada shi da gaskiya. Wanda ya sa 100,000 ya riƙa karɓar 16,470 duk shekara, ya tashi da kusan 215,000 gaba ɗaya a 2024. Ya fi maƙwabcina nesa ba kusa ba. Amma a 2017 dala tana wajen naira 360 a kasuwa, a 2024 ta ninka fiye da sau huɗu, shi kuma kuɗinsa sau biyu da 'yan kai suka ninka. Wato Sukuk ya rage asara ne, bai hana ta ba. Amfaninsa na gaske yana wajen wa'adi: ka san ranar da kuɗinka zai fito, za ka iya daidaita ta da shekarar da yaro zai gama sakandare, kuma ba ya fita cikin sauƙi ranar da wani ɗan uwa ya zo da maganar biki. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, suna da ajiyar mudaraba inda ake raba riba. A tambaye su abin da suka raba a shekarun baya a rubuce, a kwatanta da tashin farashi, kafin a sa hannu.

Da zarar yaro ya shiga babbar sakandare lissafi ya juya. Saura shekara uku, kuma yanzu abin tsoro shi ne ranar ta zo kuɗi yana maƙale. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk dillali yana gane mai sayar da fili saboda rajista ta matso, kuma farashin da zai yi masa daban ne. Tun yaro yana aji biyar na sakandare ya kamata a fara neman mai saye a tsanake, a mayar da abin da zai ɗauki shekarar farko zuwa wurin da za a iya cirewa cikin kwana biyu, sauran a bar shi yana aiki, a riƙa warwarewa shekara-shekara. Adashe ma a nan yake da amfani: a nemi kwasar da ta faɗo watan rajista. Kuɗin da aka mayar banki yana da inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci tun 2024, shekarar da aka ƙwace lasisin bankin Heritage mutane suka ga amfanin abin. Wanda kuma ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tuna MMM da ta rufe a Disamba 2016 da CBEX da ta rufe a Afrilu 2025, waɗanda suka yi irin wannan alkawari suka tafi da kuɗin jama'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma uban da ya ga rajista ta matso kuɗi bai cika ba shi ne suka fi kamawa.

Wani zai ce ai yanzu akwai bashin karatu. Akwai, kuma ban ga dalilin ƙinsa ba. An sa hannu a dokar a Yuni 2023, aka sake ta a Afrilu 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a Mayu na shekarar. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na abin da mutum yake samu. Tashin farashin da ke cinye mai ajiya shi ne yake sauƙaƙa wa mai irin wannan bashi, domin nairar da zai mayar bayan shekara bakwai ba ta kai wadda ya karɓa ƙarfi ba. Don haka uban da ke da tanadi ma zai iya barin asusun ya biya rajista, shi ya riƙe nasa don ɗaki da abinci. Amma dubu ashirin ba ta kai naira 700 a rana ba, ba ta shafi jami'a mai zaman kanta ba, kuma yakan faru makaranta ta rufe rajista kuɗin bai iso ba, sai an biya daga aljihu a jira. Dokar da aka sake rubutawa cikin shekara guda ba za a jingina makomar ɗan shekara biyar da ita ba. Karatun waje kuwa, wanda zai yi shi ya tara da kuɗin da zai biya da shi, ya kuma tuna ɗalibanmu da aka kwaso daga Sudan a 2023, da digirin Benin da Togo da gwamnati ta dakatar da tantancewa a Janairu 2024.

Saura maganar da ta fi damuna, wadda ba a son yi. Kuɗin nan na wane ne? Uba yana cewa "na karatun yara ne", amma asusun da sunansa yake, filin ma haka. Ranar da ya faɗi ya mutu, shari'a ba ta san niyyar da ke zuciyarsa ba: abin ya zama gado, za a raba shi tsakanin dukkan magada, har da waɗanda suka gama karatu suka yi aure. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran sun yarda. Na ga gidan da ƙaramar yarinya ta bar makaranta a aji biyu na jami'a, alhali filin da kowa ya san don ita aka saya yana nan, ana jiran a raba. Idan kyauta ake nufi, sai ta fita daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya, da shaidu da rubutu, kuma hukuncin tsabar kuɗi ba ɗaya yake da na fili ba, don haka a zauna da malami masanin fiƙihu kafin a yi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya abin ya fi tsanani. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da aka yi wa ɗa ɗaya aka bar sauran, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Adalcin nan ya haɗa da 'ya'ya mata, waɗanda ake tara musu kayan ɗaki shekara goma sha biyar ba a taɓa ware musu na rajista ba. Zakka ma tana nan: ajiyar da ta kai nisabi, wato kimar zinare dinari 20, kusan giram 85, ta kuma shekara, ana fitar da kashi biyu da rabi, kuma a mazhabar Malikiyya kasancewar dukiyar ta yaro ce ba ya ɗauke ta.

Maƙwabcina yana da 'ya a aji huɗu na firamare, saura mata shekara takwas. Bai daina zuba kuɗi ba, amma ya daina barinsu su kwanta. Yanzu ba adadi ya yanke ba, kuɗin ɗinkin kaftani biyu ya yanke duk wata, don idan ya ƙara wa masu kawo ɗinki kuɗi ajiyar ma ta ƙaru da kanta. Idan abin ya taru matarsa ta kai shi wajen masu zinare a sayo ko giram ɗaya ne, a karɓo rasit. A sabon shafin littafin nan mai baƙin bango ya rubuta sunan yarinyar a sama, ƙanensa da limamin unguwa suka sa hannu a ƙasa. Babban kuwa ya cike takardar NELFUND a shekararsa ta biyu, kuma duk hutu yana kan keken ɗinki a shagon mahaifinsa, yana haɗa kuɗin ɗakin baɗi.